Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, Baffa ya ce a sallamo shi a koma gida

Ummu Khalil:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, ƙarfe 2 na dare ne kuma barci ya ƙi zuwa.

Yau kwana 9 da kwantar da mahaifinmu a asibiti a nan Kano. Shekararsa 71, tela ne, har ranar da abin ya faru yana kan kekensa. Ranar Alhamis da magariba ya tsuguna zai yi alwala, buta ta suɓuce masa. Ya sake miƙa hannu, ya kasa kama ta. Inna ta ce "Malam lafiya?" Ya buɗe baki, maganar ta fito kamar wanda ya cika baki da tuwo, bakin kuma ya karkace gefe guda. Da yake magariba ce, kuma kusa da makewayi, nan take aka ce iska ce. Aka kira malamin unguwa ya yi tofi, aka wanke rubutu aka ɗura masa, ya ƙware har idonsa ya yi ja. Mai kemis na bakin layi ya auna jininsa ya ga 210 bisa 120, ya sa masa ƙwaya a ƙarƙashin harshe, ya ce zuwa safe zai ware. Ni ba a kira ni ba sai bayan asuba. Ƙarfe 9 na safe muka isa asibiti.

An yi hoton ƙwaƙwalwa, aka ce jijiya ce ta toshe a ɓangaren hagu. Hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, ba ya magana, an sa masa robar hanci ta abinci da robar fitsari. Da dare autanmu ne ke kwana a tabarma gefen gadonsa tunda ɗakin maza ne, ni kuma daga safe zuwa isha'i.

Jiya Baffa, ƙanen Baba, ya zo daga ƙauye. Ya ce kwana 9 ba a ga canji ba, kuɗi kawai ake ci, wannan ba ciwon asibiti ba ne. A sallamo shi a kai shi wurin wani mai magani da ya sani. Yayanmu da ke aiki a waje, wanda shi ke turo yawancin kuɗin, ya ce "ku bi maganar manya." Inna ba ta cewa komai sai kuka. Ni zuciyata ba ta kwanta ba, amma ni mace ce kuma ba ni ce babba ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan don Allah ya ba ni shawara.

Hajiya Iya:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Sannu da jinya 'yata.

Abu Fatima:
Allah ya tashi kafaɗunsa. Muna sa shi a addu'a.

Anti Nas:
Sannu ƙanwata. Shekara 14 ina aiki a ɗakin marasa lafiya, don haka zan faɗa miki kai tsaye: kada ki yarda a fitar da shi da robar nan a hancinsa ba tare da an koya muku yadda ake ba shi abinci ba. Ba don ƙawa aka sa ta ba. Shanyewar ba a hannu da ƙafa kaɗai take tsayawa ba, tana taɓa maƙogwaro. Abin da ya kamata ya bi hanyar ciki sai ya zarce huhu. Ƙwarewar da kika ce ya yi da rubutu, ita ce alamar. Wani ma ba ya tari, ruwan zai shige shiru, bayan kwana biyu ki ga zazzaɓi da numfashi sama-sama, nimoniya ta shiga. A gabana na sha gani, mutum ya tsallake shanyewar kanta, kunun da aka ɗura masa a ɓoye don tausayi ya tafi da shi.

To ki duba: mai maganin da za a kai shi wurinsa, me zai fara yi? Jiƙo zai ba shi ya sha.

Sannan ki lura da 'yan dubiya. Kowa zai zo da fulas, kowa zai ce "ɗan kurɓa ɗaya dai." Ki zama marar kunya a kan wannan. Gwamma a ce ba ki da kirki.

Ɗan Gusau:
Ni dai ba na goyon bayan a raina maganin gargajiya. Ƙanen kakana ya yi irin wannan, sati uku a asibiti ba komai. Aka maida shi gida, wani tsoho ya riƙa yi masa gashi da ganye da ruwan zafi, ana shafa masa wani mai. Wata huɗu ya tashi da sanda, har kasuwa yana zuwa. Gani ya kori ji. Iyayenmu da kakanninmu kafin zuwan asibiti da me suka rayu? Baffanku ya fi ku sanin duniya, ki bi a hankali.

Mai Gashin Ƙashi:
Ɗan Gusau, ban ƙaryata ka ba, na yarda ya tashi. Amma bari in gaya maka abin da muke gani kullum a sashenmu. Bayan shanyewa, kumburin da ke kewaye da wurin da ya lalace a ƙwaƙwalwa yana sauka, sauran sassan kuma suna fara koyon aikin wanda ya mutu. Mafi yawan sauƙin da mutum zai samu a watanni 3 zuwa 6 na farko yake zuwa. Duk hannun wanda mara lafiya yake a wannan lokacin, shi ake yabawa. Asibiti ta riƙe shi a makonnin da ba a ganin komai, tsoho ya karɓe shi daidai lokacin da jiki ya fara dawowa. Kuma ka lura da abin da tsohon yake yi: yana motsa gaɓoɓi, yana murza, yana sa shi ya yunƙura. Wannan ɓangaren aikinmu ne shi ma.

Inda nake tsoro shi ne ruwan zafi. Ɓarin da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi yadda ya kamata. An taɓa kawo mana dattijo cinyarsa ta saɓule saboda gashi da tawul, shi kuma ko uffan bai ce ba lokacin da ake yi, don bai ji ba.

Ummu Khalil, kwana 9 ba komai ba ne a wannan ciwon. Abu ɗaya da zan roƙe ki tun yau: kada kowa ya ja shi ta hannun daman nan don a tashe shi zaune. Naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, in aka ja, ƙashin yana zamewa daga gurbinsa, ciwon kafaɗar kuma ya bi shi watanni ya hana shi motsa jiki. A tallafe shi ta baya da ƙugu. In yana zaune a sa filo a ƙarƙashin hannun, kada a bar shi yana reto.

Maman Ihsan:
Ga wani saƙo da aka turo mana a gruf ɗin islamiyya, ko zai yi amfani. An ce idan mutum ya faɗi da shanyewa, a samu allura a ƙona bakinta a tsattsaga kan yatsunsa goma har jini ya fito, sannan a ja kunnuwansa, wai nan take zai dawo daidai.

Dokta A.:
Maman Ihsan don Allah ki goge, kuma ki koma gruf ɗin da aka turo ki ce musu ƙarya ne. Shekaru wannan saƙon yana yawo. Jinin yatsa ba ruwansa da jijiyar da ta toshe a cikin kai. Mintunan da za a ɓata ana neman allura su ne ake buƙata a hanya.

Ummu Khalil, ba don in ƙara miki damuwa ba, sai don masu karantawa su amfana. Shanyewa iri biyu ce. Ko jijiya ta toshe jini ya kasa kaiwa wani yanki na ƙwaƙwalwa, wannan ita ta fi yawa, ko jijiya ta fashe jini ya zuba. A ido kamanninsu ɗaya, hoto ne kaɗai ke rabewa. Shi ya sa ba a ba mutum asfirin a gida: in toshewa ce yana taimakawa, in fashewa ce ƙara zubar jinin zai yi. Akwai allurar narkar da gudan jini, amma sai a cikin awa 4 da rabi daga fara alamun, bayan an yi hoto, kuma ba kowace asibiti ke da ita ba, ga tsada. Ko babu ita, zuwa da wuri yana da amfani: a duba suga, don faɗuwar suga ma tana kwaikwayon shanyewa, a hana shi ƙwarewa, a kula da numfashi.

Ƙwayar ƙarƙashin harshe kuwa, mun daɗe da barin wannan. A kwanakin farko na toshewa da gangan muke barin jini ya ɗan hau, don shi ke tura jini zuwa wurin da ke gab da mutuwa. Ka fado da shi lokaci guda, ka ƙara ɓarna.

Tambaya: yana da hawan jini tun da? Yana shan magani?

Ummu Khalil:
Dokta yana da shi, an gano shekara 6 da suka wuce. Amlodipine aka ɗora shi a kai. Yakan sha in kansa na ciwo, in ya ji daidai ya ajiye, ya ce ba zai zama bawan ƙwaya ba. Tafarnuwa da zoɓo marar suga yake sha. Yanzu Inna ke gaya min wai sati biyu kafin wannan, almakashi ya faɗi daga hannunsa a shago, hannun ya yi nauyi kamar minti goma sannan ya sake. Ya ce gajiya ce, kada a gaya wa yara.

Dokta A.:
Allahu akbar. Wannan minti goman gargaɗi ne, ƙaramar toshewa ce da ta buɗe da kanta, kuma kwanakin da ke biye da ita su ne mafi haɗari. Duk wanda tsohonsa ya yi haka, ko da ya ware sarai, a kai shi asibiti a ranar. Hawan jini kuma ba ya sallama kafin ya shigo. Mutum zai kai 180 yana dariya yana cin kasuwarsa. Ba a jiran ciwon kai.

Ɗan Gusau:
To Dokta, ku kullum laifin mutane kuke gani. Ka san nawa ne hoton nan? Ka san akwai garuruwan da sai an yi tafiyar awa uku kafin a samu na'urar, a je kuma a ce ta lalace ko babu wuta? Talaka ba don jahilci kaɗai yake gudun asibiti ba. Baffan nan da kuke gani, ƙila lissafin buhunan da za a sayar yake yi.

Dokta A.:
Wannan gaskiya ka faɗa, ba ni da ja. Ni kaina na sha rubuta hoto ina sane ba za a iya biya ba. Amma maganin hawan jini na wata guda bai kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba. A nan ne talaka ke da iko.

Malam Na Zaure:
Bismillah. Ina so in yi magana a kan abin da ya shafe mu, tunda an ambaci malamin unguwa. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, wanda ya ce a yi addu'a shi ya ce a nemi magani. Tofi ba ya buƙatar a ɗura wa mutum komai. A karanta a tofa a hannu a shafa masa, a mota ma ana iya yi ana tafiya asibiti. Ni da kaina in aka kira ni na ga baki ya karkace, cewa nake a nemo mota tukuna.

Game da salla, kada a bar shi haka in hankalinsa yana nan. Hadisin Imrana ɗan Husaini sananne ne, a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe. A taimaka masa da alwala, in ruwa zai wahalar da shi a kawo masa dutsen taimama. A riƙa gaya masa lokaci ya yi. Dattijon da ya shekara sittin bai bar jam'i ba, in ya ga an daina tuna masa salla, zai ɗauka an cire shi daga lissafi.

Baffa kuma kada ki yi masa gardama a gaban mutane. Ki samu wanda yake jin nauyinsa, liman ko aminin mahaifinku, a tafi tare wurin likita ya ji da kunnensa.

Baban Walid:
Na yi jinyar mahaifiyata shekara 3 da wata 2 kafin Allah ya karɓi abarsa. Zan faɗi abin da ba wanda ya gaya min.

Asibiti ita ce mai sauƙin. Ranar da aka sallame ku, ranar aikin ke farawa. Makon farko gida cike, har ba wurin ajiye takalmi. Bayan wata biyu sai ki ji shiru, daga ke sai mai jiki sai warin fitsari. Gyambon kwanciya shi ya fi ba mu wahala. Ya fara ne da ɗan ja a ƙugu kamar faɗin kwabo, muka ce zafi ne. Cikin sati biyu ya zama rami. Wata bakwai muna wanke shi. A riƙa juya shi duk bayan awa 2, har da dare, ki sa ƙararrawa a waya. A duba ƙugu, duwawu, dunduniya da kafaɗa kullum. Zanin gado kada ya yi tattara, kada ya kwana a jiƙe. In da hali ku sayi katifar iska, amma ba ta hana juyi.

Sai kuma zuciya. Hajiya mace ce mai faɗa, gidan nan kaf tsoronta ake. Bayan ciwon sai ta koma kuka, a gaishe ta kuka, a kawo abinci kuka. Muka ɗauka rashin tawakkali ne, har nasiha muke mata, Allah ya yafe mana. Sai daga baya likita ya ce ciwon kansa yana kawo wannan, kuma akwai magani. Da aka ɗora ta a kai ta fara cin abinci.

Abu na ƙarshe, kuma da maza nake. Mahaifinku namiji ne. Wanka da tsarki da canza famfas ba aikin 'yarsa ba ne in yana da 'ya'ya maza. Dattijon da ko hularsa bai taɓa cirewa a gabanki ba, ki yi tunanin abin da yake ji. Ba ya magana, amma yana gani.

Uwar Biyu:
Baban Walid Allah ya saka maka da alheri, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Kullum haka ne. Maza su yanke hukunci a waya, mata su kwashe kashi. Wanda ya ce "ku bi maganar manya" yana can cikin sanyin na'ura, in an kai tsohon ƙauye wa zai bi shi? Ita ce dai za a ce ta bar 'ya'yanta ta tafi. Gobe mijinta ya fara ƙorafi a ce ba ta iya zaman aure ba. Wanda ke riƙe da fo shi ya kamata a fara tambaya, ba mai tura alat ba.

Baƙo a Ingila:
Uwar Biyu a yi mana adalci. Ni ma ina cikin masu tura alat ɗin. Babana ya kwanta ina nan, takarduna ba su ba ni damar fita in dawo ba. Aikin dare nake a gidan kula da tsofaffi, ina juya iyayen wasu duk awa biyu, nawa uban yana can ban iya juya shi ko sau ɗaya ba. Kina ganin daɗi ne? In ka ce a bi likita a ce ka zama Bature, in ka yi shiru a ce ba ka damu ba. Wataƙila yayan nata tsoron a ce ya raina Baffa saboda yana da kuɗi ne ya sa ya faɗi haka.

Uwar Biyu:
Allah ya ba ka haƙuri, ban san naka ba. Amma ko daga nesa mutum zai iya cewa "a tambayi wadda ke wurin." Wannan bai buƙatar biza.

Baƙo a Ingila:
Wannan kam haka ne. Ummu Khalil, ki kira shi ta bidiyo lokacin da ake ba Baba abinci ta roba, ya gani. Kuma ki rubuta masa kuɗin komai dalla-dalla, har na ɗan aiki namiji da zai riƙa kwana in an koma gida. Mu na nesa sau da yawa ba mu san me za mu biya ba sai an faɗa.

Admin:
Jama'a a sassauta, mai jinya ta zo neman shawara ne. A ci gaba cikin mutunci.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan AVC likitoci ke ce masa, gashin ƙashi kuma kine. Tsohuwarmu ta yi shi bara. Abin da ya taimake mu shi ne mun sa yaro ɗaya ya je ya zauna da mai kine ya koyi motsin, ya ɗauka a waya, ana yi mata a gida safe da yamma. Zuwa asibiti sau biyu a mako kaɗai ba ya isa. Kuma mun rage gishiri da magi a tukunyar gidan gaba ɗaya, don in aka ware mata nata daban ba ta ci, tana ganin an mayar da ita saniyar ware.

Abu Fatima:
Game da kuɗi, ki bincika ko cikinku akwai ma'aikacin gwamnati mai inshorar lafiya. Tun 2022 aka sa hannu a dokar NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, a Kano kuma akwai irinta ta jiha, KSCHMA. Ki je ofishinsu da ke asibitin ki tambaya ko akwai tsarin da Baba zai iya shiga, ko don magungunan da zai daɗe yana sha. Ki kuma nemi ofishin walwala na asibitin, wani lokaci suna rage wa mutum wani abu.

Ummu Khalil:
Na gode ƙwarai, na karanta duka, wasu sau biyu. Baban Walid ka sa ni kuka. Gaskiya ne, duk lokacin da na zo canza masa sai ya runtse ido ya juya fuska bango. Na ɗauka barci yake.

Wani abu ya faru yau da ya ƙara rikita maganar. Na bi shawarar Malam, da azahar na ce "Baba lokaci ya yi," na kawo dutse na shafa masa. Auta ya tada kabbara a kusa da shi. Wallahi sai ga Baba yana bin Fatiha, tiryan-tiryan har amin. Mutumin da kwana 10 bai ce ko "ruwa" ba. Da aka idar na ce "Baba wace ce ni?" Ya kalle ni, bakinsa yana motsi, ya ce "to... to..." sai hawaye. Baffa yana wurin. Ya ce kun gani ko, harshensa lafiya lau, riƙe shi aka yi, Alƙur'ani ne kaɗai ke kwance shi. Yanzu ya ƙara ƙarfi a kan maganarsa, ni kuma ban san me zan ce ba, don ni ma abin ya girgiza ni.

Hajiya Iya:
Allahu akbar! Ikon Allah. Jikina har ya yi yar.

Dokta A.:
Alhamdulillah, wannan labari ne mai daɗi, kuma sananne ne a wurinmu. Wurin da ke haɗa magana, ya nemo kalma ya jera ta, a yawancin mutane a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa yake. Shi ya sa shanyewar dama ta fi zuwa da ɗaukewar magana. Amma abin da mutum ya haddace ya maimaita dubban sau, kamar Fatiha, ƙirga ɗaya zuwa goma, amsa sallama, ko waƙar da ya sani tun yana yaro, ba sai ya bi ta wannan wurin ba. Za ki ga wanda ba ya iya faɗin sunan matarsa yana ƙirge har ashirin. Ana ganin haka a kowace ƙasa, kowa da abin da ya haddace.

Baffa ya yi gaskiya a abu ɗaya, harshen ba shi ne ya mutu ba. Kuma wataƙila Baba ya san ke wace ce sarai, sunan ne ya ƙi fitowa, shi ya sa ya yi hawaye. Ku daina yi masa jarrabawar "wane ne wannan," 'yan dubiya sun fi kowa yin ta, tana ƙona rai. Ku yi masa tambayar da zai amsa da kai ko da hannu. Kada a ɗaga murya, ba kurma ba ne. Kada kuma a yi maganar kuɗi ko ta mutuwa a kansa ana ganin ba ya ji.

Mai Gashin Ƙashi:
Ki yi amfani da wannan ƙofar. Ki fara "Assalamu..." ki yi shiru ya ƙarasa. Ki fara ƙirga ki bar masa. Tunda tela ne, ki kawo zare da almakashi da tef ki ajiye a gabansa, ki ce "nuna min zare." Mutum ɗaya ya riƙa magana a lokaci guda, a kashe rediyo. Minti goma sau da yawa a rana ya fi awa guda a jere, don suna saurin gajiya.

Malam Na Zaure:
Bayanin Dokta bai rage wa abin daraja ba. Wanda ya halicci ƙwaƙwalwar shi ya ajiye Fatiha a inda ciwon bai kai ba. Ki gaya wa Baffa a ci gaba da karatu a kunnensa a nan inda yake, ba wanda ya hana.

Ɗan Gusau:
Ni har yanzu ina ganin a haɗa biyun. Amma maganar ɗura masa jiƙo, na janye.

Ummu Khalil:
Salam. Na yi kwana huɗu ban leƙo ba, ga inda aka kwana.

Na je na samu aminin Baba, wanda suka yi shekara 40 shagonsu na jikin juna. Shi ya riƙo hannun Baffa suka shiga wurin likita, Yaya kuma yana kan bidiyo. Likitar ba ta yi dogon bayani ba. Ta sa aka zaunar da Baba sosai, ta ba shi ruwa rabin ƙaramin cokali. Ya haɗiye, sai tari, muryarsa ta koma kamar mai kurkure baki. Ta ce wa Baffa, "Alhaji, wannan rabin cokali ne." Baffa bai ce komai ba. Da muka fito ya ce a bar shi sai an cire robar, amma bayan nan yana nan a kan bakansa, zai kawo mai maganin har gida. Aminin Baba ya ce to, in ya zo shafawa kaɗai, ba sha, ba ruwan zafi, kuma ba a daina ƙwayar asibiti. An tsaya a haka. Na san za a sake wani zaman.

Yaya ya kira ni daga baya shi kaɗai, ya daɗe bai yi magana ba. Ya ce a nemo namiji mai kwana, zai biya. Ya kuma sa ɗayan yayan namu da ke Zariya ya riƙa zuwa Juma'a zuwa Lahadi. Jiya shi ya yi wa Baba wanka, ya fito idonsa jawur.

An cire robar fitsari. Masu gashin ƙashi sun fara zaunar da shi a bakin gado, jiya ya yi minti biyar ba a riƙe shi ba. Babban yatsan ƙafar dama ya ɗan motsa, ko idona ne oho, Auta ya ce shi ma ya gani. Na auna nawa jinin a wurin nas, 150 bisa 95, ta ce in dawo a sake aunawa, kada in yi wasa.

Tambayata yanzu: ɗakin Baba yana da dakali hawa biyu, makewayin kuma na tsuguno ne a can ƙarshen gida. Sun ce ƙila a sallame mu mako mai zuwa. Kujerar nan mai fo a ƙasa, gara a saya ko a sa kafinta ya yi? Kuma katifa a ƙasa ko gado?

Baban Walid:
Gado, amma kada ya yi tsawo, in ya zauna tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa. Daga katifar ƙasa ɗaga babban mutum sai ya karya muku baya. Kujerar ki sayi ta ƙarfe mai hannu biyu, ta kafinta tana jiƙa ta riƙe wari. Tamu tana nan a sito ba abin da ta yi, har da keken guragu. Ki yi min magana ta akwati in Auta zai iya zuwa ɗauka.

Anti Nas:
Dakalin a sa magini ya zuba gangara kafin ku dawo, siminti yana son kwana biyu ya bushe. Kuma kafin ku fito ki tsaya sai an nuna miki da hannu yadda ake tabbatar robar tana ciki kafin a zuba abinci, ki yi a gabansu sau biyu. Bayan ya ci a bar shi a zaune rabin awa. Wane kauri suka ce ki riƙa dama kunun?